Tukwicin Mazarƙwaila

Har yau in na ga mazarƙwaila a kasuwa sai raina ya ɓaci, alhali ba ita ta yi mini laifi ba.

A lokacin ina wakilin wani kamfanin maganin feshi da irin shuka. Ni ke zagaya dilolinmu, masu shagunan da ke sayar da kayanmu, a kan babur, daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan. Gab da damina kamfani kan aiko da kyautar da za a raba musu: laima, hula, agogon bango, kowanne da tambarinmu a jiki. Yadda nake yi ba wuya. In je shagon mutum, mu gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan in ajiye ƙunshin a gefen benci in ce, "Ga saƙo daga kamfani, ba yawa." Shi ma ba ya buɗewa a gabana.

Babban dilana wani dattijo ne a Makarfi. Abin da ya ce wa manoman Gazara da Gubuchi su saya, shi suke saya, don haka abincina a hannunsa yake. In ya juya mini baya, aikina ya tafi. Yana da gonar rake, kuma duk shekara in na kai saƙo sai ya sa hannu ƙarƙashin kanta ya ciro mini curin mazarƙwaila, tukwicin ɗan aike.

Sai aka yi mana sabon manaja, wanda bai daɗe da dawowa daga kwas ɗin koyon miƙa kyauta ba. Ka ji fa! Bahaushe, haifaffen ƙasar Zazzau, wai sai an zaunar da shi a otal an koya masa ba da kyauta. Ya ce bana da shi za a je, in ga yadda ake yi.

Ranar kasuwa muka isa a mota, shago cike da manoma. Manaja ya miƙo mini wayarsa ya ce in ɗauki bidiyo. Gaisuwar ma a tsaye ya yi ta, a gurguje. Ya kwance ƙunshin da kansa, yana ɗaga kowane abu sama yana yabonsa kamar mai gwanjo. Har cewa ya yi dattijo ya cire hularsa ya sa tamu. Bawan Allah ya yi murmushi kawai, ya riƙe ta a hannu.

Duk wannan ya shanye. Da aka gama ya sunkuya ya ciro curi biyu, ya miƙa wa manaja da hannu bibbiyu.

Manaja ya ja da baya, ya kalli wayar da ke hannuna, ya ɗaga murya. "A'a, Alhaji. Dokar kamfani ta hana mu karɓar cin hanci."

Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Cin hanci?" in ji dattijo. "Yaro, me nake nema a wurinku da zan toshe muku baki da mazarƙwaila?" Ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya juya ga masu sayayya.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ka san tukwici ba ne?"

Ya ce, "Haba, na sani mana. Amma bidiyon nan ofis za shi."

Wannan amsar ce ta fi ƙona mini rai. Da rashin sani ne, da na yafe. Ya sani sarai, ya zaɓi ya tozarta sa'an mahaifinsa a gaban jama'a don a yaba masa a ofis.

Da kasuwa ta zagayo na koma ni kaɗai, na durƙusa na ba da haƙuri. Kayan wani kamfani ne jere a kantar. Ƙunshinmu na kan benci, an ɗaure shi tsaf.

"Ba ni da faɗa da kai, ɗana," in ji shi. "Ɗauki ka mayar musu. Yau ni na aike ka. In akwai mai kunya a can, ya ba ka tukwici."

Na kai. Damina ta wuce, cinikin Makarfi ya faɗi, tukwicin da aka ba ni shi ne sallama daga aiki. Manaja kuwa yana nan daram. An ce yanzu shi ke koyar da kwas ɗin.