Malam Datti da Haruffansa Biyu

Kullum da hantsi Hussaina take turo mahaifinta a keken guragu zuwa ɗan shagonsa da ke Gaya, ta ɗora masa hannun hagu a kan kwamfuta. Malam Datti ba ya magana, tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Amma idan ka tsaya a bayansa za ka ga ya taɓa harafi biyu, ya danna maɓalli guda, allon ya cika da layuka kamar akwai wani zaune a ciki yana rubutawa. Masu kawo cajin waya da yawa sun daina shigowa saboda tsoro.

Shi ya rubuta manhajar da ke tura wa makiyayan Toranke da Gafasa saƙo idan cutar shanu ta ɓulla. Da yatsunsa suka fara mutuwa bai gaya wa kowa ba. Ya zauna ya koya wa manhajar da yake rubutu a cikinta gajerun alamomi: wannan harafi da wancan su buɗe su zama umarnin tura saƙo, waɗancan su zama na binciko lambobin waya.

Bayan an sallamo shi daga asibiti, Sagiru shugaban makiyaya ya zo a gigice.

"Hussaina, ciwon huhu ya shiga garken Gafasa, saƙo kuma ya ƙi tafiya. Gobe za a haɗa shanu a mashaya."

"Kawu, ai ka ga yadda Baba yake."

Malam Datti ya kafe kwamfutar da ido har sai da ta kawo masa. Ya taɓa h, ya taɓa s. Rubutu ya fito: "Hussaina, kar ki ji tsoro. Ina nan ciki, ina jin ku."

Ta saki salati, ta ja da baya. Ashe har maganganunsa ya tanada. Kafin la'asar ya gyara manhajar da yatsa ɗaya, wayoyi suka yi ƙara a rugage, kowa ya tsare garkensa.

Hussaina ta ce akwai wata alama a ƙasan jerin alamomin mai ɗauke da sunan mahaifiyarta. Sau da yawa yatsansa kan je kanta ya tsaya, sannan ya janye. Ba ta taɓa buɗewa ba.

Malam, kai ne ka hango shirun da ke tafe, ka shirya wa mutane muryarka tun kana da ita. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya.

Yanzu Hussaina ce ke koyon haɗa alamomin a gefensa. Duk mai sana'a a hannu, ya kamata ya je Gaya ya ga yadda ake barin ta a inda wani zai iya ɗauka.