Malam Gide da Asibiti Mai Tafiya

A Unguwar Marke, wani ƙauye gaba kaɗan da Mabai, in ka ce kana neman Malam Gide manomi sai an tsaya tunani. Amma ka ce Gide Mai Godiya, ko makaho ya raka ka har ƙofar gida. Gona kam yana da ita, dawa da masara da ɗan waken suya, sai dai ba ita ta fito da shi ba. Allah ya ba shi murya mai kauri, da farin gemu, da wata irin fuska wadda ko ya ƙoshi sai ka ji tausayinsa. Bakin nan shi ya ciyar da gidansa shekara da shekaru, shi ne kuma ya kusa raba shi da autarsa Najiba.

Sana'ar ta same shi ranar da aka zo buɗe famfon burtsatse a garinsu. Mura ta shaƙe mai unguwa, aka rasa mai jawabin godiya a madadin jama'a, sai aka tura Gide gaba. Ya gode wa gwamnati, ya gode wa iyayen gwamnati, ya ce tun zamanin kakanni ba a taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba. Bai yi ƙarya ba, don daga cikin gari aka kawo ruwan a mota aka ɗura a tankin da safe. Kafin sati ya zagayo famfon ya ƙafe, mata suka koma rafi, amma muryar Gide ta riga ta shiga rediyo.

Alhaji Sanusi, ɗan kwangilar da ya yi aikin, mutum ne mai gane haja in ya gan ta. Tun daga ranar bai ƙara buɗe komai ba sai da Gide. A ƙauyukan Sabuwa Gide ne dattijon gari. A ƙasar Faskari shi ne shugaban iyayen yara. Hula kawai yake canzawa, manyan baƙi kuwa ba su taɓa lura ba, don su duk talaka kamarsa ɗaya a idonsu.

A wannan yawo ya san sirrin aikin. Akwai wata babbar mota da wani Sha'ibu ke tuƙawa, cike da gadajen asibiti, da katifu, da sikelin awon jarirai, da kwalayen magani, da bencinan makaranta. Har ungozoma gare ta, Malama Alheri, wadda ake arowa daga babban asibiti duk ranar biki. A sauke kaya da safe, a yanka ƙyalle, a tafa, Gide ya yi godiya, da la'asar a mayar da komai cikin mota a bar wa mutanen gari gini da allon suna. Akwai wani gado da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya, wanda Gide ya gode masa a garuruwa da yawa, har in ya gan shi sai ya ji kamar ya tambaye shi gajiyar hanya.

Matarsa Hajaratu ba ta raga masa. Takan ce, “Malam, ka gode ma makarantu tun daga nan har Sabuwa, jikokinka kau bisa buhu suke zama a aji.”

Shi kuma ya ce, “Ba ki san gwamnati ba. In kika yi ta gode mata, wata rana kunya za ta kama ta.”

Da gaske yake. Duk wannan godiya da yake zubawa, asibiti yake nema wa Unguwar Marke, kuma Alhaji Sanusi ya dafa kafaɗarsa ya ce nasu daban ne, kayan da aka sauke a garin Gide ba mai taɓa su. Gide ya yarda. Mutumin da ya sha kama ƙafar gado ana lodawa, shi ne ya yarda.

A shekarar da aka ɗora kwanon asibitin, Najiba ta samu cikin fari. Mijinta Kamilu tela ne a cikin garin Ƙanƙara, gidansu ba nisa da babban asibiti. Da ciki ya tsufa, Gide ya aika a kawo ta goyon ciki kamar yadda aka saba, ta haihu a gaban uwarta. Kamilu ya zo da kansa, ya durƙusa a zaure.

Ya ce, “Baba, ƙahwahunta na kumbura. Likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti.”

Gide ya yi murmushin wanda ya san manya. “Haihuwar hwari gidan uba ake yin ta, Kamilu. Asibiti kau ga shi nan ya ishe mu har ƙohwar gida. Ni na ce maka.”

Suruki ba ya musu da uban matarsa. Kamilu ya sunkuyar da kai, washegari ya kawo ta.

Naƙuda ba ta tashi kama Najiba ba sai ranar buɗe asibitin. Tun da hantsi Hajaratu ta riƙo ta suka zo, suka tarar an riga an cika gadajen. An zaɓo mata masu ƙiba da sabuwar atamfa an kwantar. Baraka mai ƙosai, wadda ko ciwon kai ba a taɓa jin ta yi ba, tana kwance an manna mata robar ƙarin ruwa a hannu ba allura, tana ta gyara ɗankwali saboda hoto. Wani jami'i mai kati a wuya ya tare ƙofa.

Ya ce, “Inna, yau ba ranar marasa lahiya ba ce. Manyan baƙi na tahe.”

Hajaratu ta aika aka kira Gide. Ya zo da babbar riga, ya dubi 'yarsa. Najiba ta jingina da bango ta kawar da kai. Mai haihuwar fari ba ta kuka, balle a gaban ubanta, don haka ta cije leɓe ta yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin da sauran lokaci. Ya ce su ɗan koma gida a gama da baƙi, gado ba inda za shi. Ranar ya yi jawabin da bai taɓa yin irinsa ba, har wani babban baƙo ya ciro hankici.

Bayan la'asar motocin manya suka tafi. Gide na cikin karɓar barka sai ya ji ƙarar da ya fi kowa sani, Sha'ibu yana kawo motarsa da baya zuwa bakin ƙofa. Nan take aka fara fito da gadaje ana lodawa. Ya buga wa Alhaji Sanusi waya.

Alhaji ya ce, “Haba Malam Gide, kamar baƙo? Gobe akwai buɗewa wajen Mairuwa. Naku na nan tahe.”

Daidai nan aka kawo Najiba a riƙe, ba ta iya takawa. Malama Alheri ta duba ta a kan siminti, ta ɗago fuska ba dariya. Ta ce yarinyar nan ba ta hawa babur. Wata mota babu a garin, kuma ba direban da zai taso daga Ƙanƙara a wannan lokaci, don hanyar ba ta biyuwa in rana ta faɗi saboda 'yan bindiga. Gide ya roƙi Sha'ibu ya juya Ƙanƙara, Sha'ibu ya rantse in bai kai kayan nan wajen Mairuwa kafin magariba ba a bakin aikinsa.

Malama Alheri ta ce, “Baba, kayan aikina duk suna bisa mota. In kuna son asibiti, ku hau.”

Haka aka ɗaga Najiba aka kwantar da ita a kan gado a bayan mota, tsakanin bencina, aka kare da zannuwa. Hajaratu ta hau. Gide ya shiga gaba kusa da direba, don uba ba ya tsayawa wurin haihuwa. Hanyar nan ma ya taɓa yi mata godiya, ya ce ta fi tafin hannu sulɓi. Yanzu duk ramin da motar ta faɗa sai ya ji shi a ƙirjinsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya, don ya san ba wanda ya kawo yarinyar nan cikin wannan hali sai shi. Ya buɗe baki zai yi addu'a, mutumin da magana ba ta taɓa yanke masa ba, ya kasa haɗa komai sai sunan Allah.

Sun kusa Mairuwa aka buga bayan motar. An haifi namiji. Jini ya ɓalle wa Najiba, aka buɗe kwalayen magani aka tarar rabinsu iska ce a ciki. Allah ya sa Malama Alheri na yawo da allurarta a jaka.

Da safe Alhaji Sanusi ya zo sabon asibitin wajen Mairuwa, inda aka sauke su tare da kaya, ya ga mai jego ta gaske da jariri na gaske, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Nan take aka shelanta cewa ga jaririn farko da aka haifa a wannan asibiti. Manyan baƙi suka yi layi suna ɗaukar hoto da jikan Gide, Najiba na kwance ko ido ba ta iya buɗewa sosai. Sannan aka miƙa wa dattijon gari abin magana.

Gide ya yi sallama, ya gode wa Allah, ya gode wa Malama Alheri. Sai ya juya wajen da mata suke zaune.

Ya ce, “Duk mai tsohon ciki a garin nan ta shirya ƙullin kayanta. Da la'asar asibitin zai tashi. Ku tsaya bakin ƙohwa, direban sunanshi Sha'ibu, yana da kirki.”

Aka kashe janareto.

Kamilu ya iso kafin azahar da motar haya. Ya durƙusa ya gaida surukinsa kamar kullum, ya tambayi gajiya, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya ɗauki matarsa da ɗansa ya wuce Ƙanƙara, can aka yi suna. Da ya yi faɗa ma da ya fi wa Gide sauƙi.

Alhaji Sanusi ya samo wani tsohon mai farin gemu, ba su da wuyar samu. Gide ya koma gonarsa. Sai dai maganar da ya yi ta bazu, kuma mutane ba su ɗauke ta da wasa ba. Ran nan yana ɗaure dawa wani saurayi ya tsaya a bakin gona da babur, da mace a baya ta kifa kai a kafaɗarsa tana nishi.

Ya ce, “Baba, an ce kai ka san inda asibiti yake. Yau wane gari ya sauka?”

Gide ya dubi matar, ya dubi hanya. Ya ce, “Wallahi ɗana, sun daina hwaɗa mani.”