Goma Sha Uku Ba Ta Rabuwa

Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. Ɗan lissafin da na sani, a bakin murhun bandar kifi na koye shi, a tsibirinmu, kafin ruwan Kainji ya cinye shi. Bayan sallar isha'i kakarmu takan zauna tana juya tarwaɗa a kan wuta, mu kuma mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta.

"Ta iso mu sha!"

Wai bushiyoyi ne goma sha uku a wani tsibiri, ruwa ya taso zai rufe su. Dorina ta ce za ta ƙetare da su, amma kowane sawu sai lodi ya zo daidai da na baya. A nan Kaka takan watsa mana ƙwallayen tsamiya goma sha uku.

"To, masu wayo, ku raba musu."

Mu yi biyu-biyu, ɗaya ta rage. Uku-uku, ɗaya ta rage. Huɗu-huɗu da shida-shida, duk haka. Biyar-biyar kuwa har uku ke saura. Wana yakan ɓoye ɗaya a baki don ta koma sha biyu, wadda ke rabuwa ta ko'ina.

"Tofo ta, ɓarawon banza! Tsohuwarsu ce ka haɗiye?"

Ta ce sha uku hanya biyu kaɗai ta sani: ɗaya-ɗaya, ko duka. Ɗaya-ɗaya ruwa ba zai jira ba. Sai suka ɗare bayan dorina gaba ɗaya, ƙaya na sukarta, tana zaginsu har gaɓa.

Bara Allah ya karɓi Malam, mijina. Har yau in na ji an taɓa buta da asuba sai in juya, in ga ba shi ba ne, in yi kukana. Da shi mu goma sha huɗu ne a gidanmu na Shanga: ɗana Sani da iyalinsa shida, ɗana Bala da nasa shida, sai mu biyu. Da na fita takaba sai na ji ana zancen raba gida, Sani zai koma Yelwa wurin cinikin kifinsa, Bala ya zauna gona. Na ƙirga da yatsuna, shida can, shida nan. Na ga wadda ta rage. Abinci ya daina shiga mini. Tsorona kada in zama kayan da kowa ke tura wa ɗan'uwansa.

Wata rana da hantsi ina tsintar shinkafa na jiyo Sani da Bala a zaure, murya ta tashi.

"Inna da ni za ta, asibiti na kusa," in ji Sani.

"Kai wa? Matarka ko tuwo mai laushi ba ta iya ba!"

"To a tsaga ta biyu mana, sarkin gardama."

Can Sani ya ce, "Bar shi. Na riƙa zuwa Yelwa bisa mashin ina dawowa."

Na kifa fuska a zanena. Ba don lissafi ya ƙi suka fasa raba gidan ba, na sani. Amma sai yanzu na gane cewa Kaka ma gwauruwa ce a gidan 'ya'yanta sa'ad da take ba mu wannan tatsuniya, kuma iyayenmu maza na zaune bayan zana suna ji. Gidan ya matse, jikoki na taka ni, surukaina na faɗa a kan murhu. Ranar na cinye tuwona tas, har na nemi ƙari.