Kulu da Ɗan Farinta

Kulu matar ƙanena Habibu ce. Daga wani ƙauye ta wajen Rimi aka kawo ta gidanmu na Ƙofar Guga, yau shekara huɗu, kuma tun zuwanta take suyar awara, yara na shigowa saye. Mace ce mai alkunya ta ban mamaki. Da ta haifi ɗan farinta Nu'uman, ba ta taɓa kiran sunansa a gabanmu ba, sai dai "yaron nan". Mu kuwa muna ta yaba tarbiyyarta.

Bayan yaye sai yaron ya ɗaura yaƙi da abinci. Faten wake ya tofar, kunun gyaɗa ya kifar, in ya hango zogale a kwano sai ya damƙe baki kamar an kawo masa maɗaci. Wata rana na tarar Kulu ta ɗora shi a cinya tana masa 'yar waƙa, yana karɓar cokali. Ni da bakina da ba ya shiru, a gaban Inna mahaifiyarmu da matan maƙwabta na ce, "Iye! Yau ɗan fari ake ma rawa? Ina kunyar ta tahi?" Aka kwashe da dariya. Ta sauke shi, ta miƙo mini kwanon.

Daga ranar ciyar da shi ya dawo hannuna. Na haifi shida, wa zai koya mini? Na yi ɗure, na yi tsawa, da na gaji sai na koma saya masa biskit da lemon leda, don dai a ce ya ci wani abu.

Bayan wata uku na raka su awo asibiti. Ma'aikaciyar ta naɗa masa ma'auni a damtse, ta ce yaron ya rame, yana bakin shiga tamowa. Ta dubi Kulu. "Ke ce uwarshi? Mi kike ba shi?" Ta wanke ta tas a gaban mata. Kulu ta sunkuyar da kai, ba ta ambaci sunana ba. Ina tsaye a gefenta, ga biskit cikin jakata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Washegari da hantsi na yi faten wake da zogale da manja, na kai mata a tsakar gida, Inna na zaune.

"Kulu, ɗauki ɗanki ki ba shi. Duk wanda ya yi dariya, ni da shi ne."

"To, Yaya," ta ce.

Ta ɗauke shi, ta shige ɗaki, ta saki labule. Daga waje na jiyo tana kiran sunansa a hankali. Kwanon ya fito ba komai.

Nu'uman ya murmure yanzu, har ƙwai da kabewa yana ci. Amma har yau, in Kulu na ba shi abinci ta ji takuna, sai ta ajiye cokalin.