Jan Zakara a Ƙarƙashin Kwando

Maigidana ya rasu da damina, shinkafa tana fitar da kai. Da rani ya kama aka sako ruwa a kanal, gonarmu ta wajen hanyar Bunkure ta koma hannun ɗana na fari. Ba yaro ba ne, yana da mata da 'ya'ya, amma bai taɓa noman rani shi kaɗai ba. Kullum yana bayan ubansa, a ce buɗe ruwa ya buɗe, a ce toshe ya toshe.

Ya dasa tumatir, ya kama, ya yi kore shar. Sai ya fara langaɓewa da tsakar rana kamar an watsa masa ruwan zafi, kafin a ankara ya bushe a tsaye. Ya sake neman iri ya dasa, shi ma ya bi na farko. Abin da ya fi ƙona rai, gonar Malam, Musulmin da muke maƙwabtaka da shi tun zamanin iyaye, kunya ɗaya ce tsakaninta da tamu, ruwa ɗaya suke sha, amma tumatirinsa har ya fara fure.

Ni a gidan tsafi aka haife ni, a gidan tsafi aka kai ni aure. A kan gonar nan tamu akwai wata tsamiya da dutse a gindinta. Ko da masu kanal suka zo da motocinsu suka baje gonaki, sun bar ta a tsaye. Nan kakannin mijina suke yanka wa iskokin gona kaza kafin a fara aiki. Ina amarya mai bishara ya fara zuwa unguwarmu, ni da maigida muka karɓa tare, daga nan ba mu ƙara taka gindin tsamiyar ba sai don inuwa. Ban yi makaranta ba, da kunne na riƙe abin da na riƙe, kuma kunnena ba ya zubarwa. Abu biyu mai bisharar ya nanata mana. Na ɗaya, Shaiɗan ba abin da za a lallaɓa da kyauta ba ne, in mutum ya miƙa kansa ga Allah ya yi tsayayya da Shaiɗan, Shaiɗan ne mai juya baya. Na biyu, Yesu bai zo don mu rayu a ɗarare ba, ya zo ne mu sami rai a yalwace. Wanda ya girma kamar yadda na girma, yana tsoron rijiya, yana tsoron kan hanya, yana tsoron kukan tsuntsu a bayan ɗaki, shi ya san nauyin maganar nan ta biyu.

Duk gidan, ƙanin mijina ne kaɗai bai bi ba. Shi ya gaji dutsen. Ba mugu ba ne, ranar jana'izar yayansa shi ya fi kowa kuka. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya, har muka yi furfura ba mu fasa ba. Amma da tumatir na biyu ya mutu, na lura ya yawaita zuwa gidanmu, kuma ba wurina yake zuwa ba. Sai ya ja ɗana bakin rumbu su yi ta magana ƙasa-ƙasa. Wata rana na tare ƙanin mijin nawa a ƙofa.

Ya ce, "Matarmu, tsufa ya cinye haƙoranki amma ya bar miki idon nan."

Na ce, "Kai kuma ya bar maka dutse kana ciyarwa, ga shi har yau bai yi ƙiba ba. Me kake gaya wa yaron mutane?"

Ya daina dariya. Ya ce, "Ɗana ne shi ma. Ƙasa ba ta san hannunsa ba, dole ya gaishe ta. Ko so kike jikokinki su kwana da yunwa don ki burge fasto?"

Na matsa na ba shi hanya, don jikokin suna nan tsakar gida suna jinmu.

Ba a daɗe ba, da safe na je bayan rumbu neman tsintsiya, na tarar da kwando a kife, an ɗora masa dutse. Na ɗaga. Jan zakaran gidan ne, an ɗaure masa ƙafa ɗaya da tsumma, ga gero tsabarsa a sakaina, ba dusa ba. Wani zai ce za a kai shi kasuwa ne. Ni kuwa ina yarinya ni nake ba irin zakarun nan gero a gidan ubana. Na san zakaran da za a ba iska ware shi ake yi daga sauran kaji, a ciyar da shi abinci mai tsabta, mai gonar kuma shi zai ɗauke shi da hannunsa ya kai da safe, ranar da layin ruwa ya zo kan gonarsa, kafin a buɗe ruwan. Layin ɗana kuwa ranar Talata ne mai zuwa.

Na mayar da kwandon yadda na same shi. Na zauna a gindin rumbun. Ba zakaran nake ji ba. Na san in ya kai na bana, baɗi akuya za a ce, kuma duk abin da ya same shi daga nan, ciwon yaro ko ɓarnar tsuntsu, gindin tsamiya zai fara tunawa. Tsoron nan da na sauke ina amarya, shi zai ɗauka ya ɗora wa 'ya'yansa.

Da wani ne cikin 'ya'yana, da a nan take na kira shi na wanke shi tas, kowa ya san bakina. Amma ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama da shi muna kallon juna ba. Kakarsa ce ta goya shi. In ina da magana da shi sai in faɗa wa bango ko matarsa, shi kuma ya ji. Bishara ta canja mana abubuwa da yawa, amma kunyar ɗan fari tana nan inda take. Matar tasa kuwa na ga idonta ya yi ja, ta sani, tana tsoron magana.

Na yafa mayafi na tafi wurin uwar zumuntar matan cocinmu. Ta girme ni, tana tafiya da sanda. Na same ta tana tsince wake, na zayyana mata komai, na ce ina so in saki zakaran nan ko in murɗe masa wuya.

Ta ce, "Ki murɗe, a kasuwar Bunkure jajayen zakaru sun ƙare ne?"

Na zauna kusa da ita.

Ta ce, "Ba ki iya tsayayya da Shaiɗan a madadinsa, 'yar'uwa. Shi zai tsaya da ƙafarsa. Amma ki duba inda aka same shi. Uba ya tafi, gona ta zama fili, shi kaɗai yake zuwa ya tsaya yana kallon busassun kara. Wa ya je masa, in ba Baffansa ba? Mu da muke da gaskiya muna gida muna tsince wake."

Muka durƙusa a nan kan tabarmarta muka yi addu'a. Da muka tashi ta ce, "Yaushe ne ruwansa?" Na ce Talata. Ta ce, "To ki tanadi tukunya babba."

Ranar Lahadi bayan sujada ta tsayar da mata. Ba ta ambaci zakara ba, ba ta tona wa kowa asiri ba. Ta ce gayya za a yi wa gidan marigayi, kowace ta roƙi mijinta abin da ya rage a wurin renon iri, ko mene ne. Ni kuma na bi ta gonar Malam na gaya masa za mu yi dashe. Ya ce ai malamin gona ya taɓa faɗa musu, ƙasar da tumatir ya mutu a cikinta haka, a huta mata da tumatir. Ya ce yana da ragowar irin albasa, in turo a ɗiba.

Talata gari na wayewa muna gona. Wata ta zo da albasa, wata kabeji, wata latas, wata irin alayyafo a ƙulle a bakin zane, wata ma karas ta kawo muka yi ta yi mata dariya don lokacinsa ya kusa wucewa. Muka tuge busasshen tumatir muka tara gefe, masu fartanya suka gyara fangali. An zo da tulun da muke kaɗawa a zumunta, wata tsohuwa da ba ta iya sunkuyo ta zauna bakin kunya tana bugawa, mata suna amsa waƙa. Can kan gonar, a gindin tsamiya, ina hango ƙanin mijina a zaune, ya zo da wuƙarsa yana jira.

Hanyar tsamiyar ɗaya ce, ta kan kunyar da ta ratsa gonar. Rana ta ɗan ɗago sai ga ɗana. Ya sa babbar rigar ubansa, hannunsa ɗaya a ciki, rigar tana motsi. Da ya ga mata cike da gonarsa ya ja ya tsaya. Waƙa ta mutu. Zakaran ya leƙo da kai ta wuyan riga, kowa ya gani.

Baffansa ya ɗaga murya daga can, "Taho mana, rana tana yi!"

Ina tsugune da albasa a hannu, bayana gare shi. Ban juya ba. Na ce da matar da ke kusa da ni, da ƙarfi yadda zai ji, "Kin gani ko? Na ce miki mai gonar nan ɗan gidan mutunci ne. Ubansa bai taɓa barin 'yan gayya su koma da yunwa ba. Ga shi ya kawo mana nama."

Ba wadda ta yi dariya. Ina jin ƙarar ruwa a kanal. Hanya a buɗe take, ba wadda ta tare masa, da ya so ya wuce da ya wuce. Na ce a zuciyata, Ubangiji, na yi iyakar nawa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya wajen tsamiya ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Ba zan zo ba." Har gonar Malam an ji. Ya zaro zakaran ya kwance tsumman ƙafarsa ya yar, ya ce da ni ba tare da ya kalle ni ba, "Iya, ina tukunyar?"

Uwar zumunta ta buga sandarta a ƙasa ta rangaɗa guɗa, da tsufanta. Aka kira Malam ya yanka, don kowa ya iya ci. Yana yanka yana cewa, "Zakara ɗaya ga wannan runduna? Sai dai ku sha labarinsa." Haka kuwa aka yi, romo ya fi nama yawa, matar ɗana ta tuƙa tuwon shinkafa, kowa ta sami abin da ta tsotsa. Ɗana ya tuɓe rigar ubansa ya rataye, ya buɗe ruwa da hannunsa, muna dasawa ruwa yana bin mu fangali bayan fangali.

Ƙanin mijina ya tashi zai tafi ta bayan gona. Na zuba romo a kwano, na sa masa cinya, na bi shi. Ya kalli kwanon ya kalle ni.

Ya ce, "Matarmu, kin ƙwace wa iskoki abincinsu, kuma ki kawo mini in zama shaida?"

Na ce, "Su ba su taɓa cewa an gode ba. Kai ko ka iya."

Bai karɓa a hannuna ba. Na ajiye a kan kunya na dawo. Da yamma aka aiko mini da kwanon a wanke. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai bar dutsensa ba, amma bai ƙara jan ɗana bakin rumbu ba.

Ba zan yi ƙarya in ce gonar ta yi abin mamaki ba. Masu tumatir sun fi mu samu a shekarar, motoci suna ta lodi zuwa Kadawa muna kallo. Karas bai yi komai ba. Masu wucewa suna tsokanarmu wai gonarmu ta zama zanen atamfa. Amma albasa ta yi, kabeji ya yi, alayyafo kuwa har muka gaji da yanka. Ba ranar da ba a ɗora tukunya a gidan ba, kuma duk gidan da ya ba mu iri ya ci daga ciki.

Da can in an ce rai a yalwace, rumbu nake hangowa. Yanzu abin da nake gani shi ne ɗana yana wucewa ta gindin tsamiyar nan da rana tsaka, ya zauna a kan dutsen ya cire ƙaya daga ƙafarsa, ya tashi ya tafi ko waiwaye ba ya yi. Jikokina suna hawa su kaɗo tsamiya in dama musu kunu, ba su ma san an taɓa jin tsoron wurin ba. Na gode wa Allah da ya bar mini ido na ga kwandon nan, na gode masa da ya ba ni 'yan'uwa masu zuwa gona ba masu aiko da gaisuwa ba. Shi kuwa har yau ban kira sunansa ba, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk shekara in an sako ruwan rani, da safe zan ji motsi a ƙofar ɗakina, in na fito in tarar da jan zakara a ɗaure, matarsa tana dariya tana cewa, "Iya, wai a kai wa matan zumunta."