Tawadar da ta ƙi fita a yatsan Yaya Isiyaka

A watan gobe Yaya Isiyaka zai cika shekara goma sha biyu a kabari. Ba na ɓata lissafin, domin ya rasu kwana kaɗan bayan zaɓe, kuma duk lokacin da motocin lasifika suka fara hana mu barcin rana a Maamobi, na san lokacinsa ya zagayo.

Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Makaranta ban yi nisa ba, don haka wanda ya zo neman Hausar malamai ya yi haƙuri. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. A ƙaramin yatsansa akwai tawadar nan da ake shafa wa wanda ya jefa ƙuri'a. Muka sa sabulu, muka goga, ta ƙi fita. Liman ya ce, "Ku bar shi haka, ba ta hana ruwa." Da ita muka sa shi a likkafani.

Yaya direban trotro ne, wato bas ɗin haya, kuma tun da soja suka koma bariki aka dawo da zaɓe, bai taɓa fashin jefa ƙuri'a ba. Daga sallar asuba yake wucewa ya ajiye dutse a layi, ya dawo ya sha koko, ya koma ya tsaya a bayan dutsensa. Jam'iyya ɗaya ya sani, ita ce kuma mazaɓarmu ta sani. Fuskar ɗan majalisa ta canza, hularsa ta canza, amma inda muke dangwalawa bai canza ba. Akwai shekarar da samari suka yi fushi suka ce siket da bulawus za su yi, wato shugaban ƙasa daga nan, ɗan majalisa daga can. Aka yi ta hayaniya a bakin gota, magudanar ruwan unguwarmu, da aka ƙirga sai ga shi mun koma gidan jiya.

Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Yaya, gotar nan tun ina yaro ake mana alkawarin rufe ta. Me suka ba ka?"

Ya ce, "Kai ba a haife ka ba lokacin da aka kori baƙi. Ni na ga maƙwabtanmu a bayan babbar mota da tabarminsu. Baba ya yi wa ƙasar nan aikin ɗan sanda, amma sai da ya ɓuya a ɗaki." Sai ya ɗaga yatsan. "Wannan ke nuna ni ɗan nan ne."

Abin da na sani shi ne ranar da jini ya hau masa ya faɗi, mota ba ta iya shiga lungunmu ba. A kan benci muka ɗauko shi, muka tsallaka gota a kan katako, muka sami tasi, cunkoson motoci a Kawukudi ya riƙe mu. Bai kai asibiti ba. Hanyar lungun tana cikin alkawuran wancan zaɓen. Tana cikin na bana ma, na ji da kunnena.

Da zai leƙo yau, da ya ga fastocin 'yan takara sun fi kyau, da ya ga yara suna faɗan siyasa a waya. Katakon nan dai zai gane shi, sau biyu kawai aka sauya. Abin da ke ci mini rai shi ne na san da ya sake ajiye dutsensa.

Makon jiya ciyaman na jam'iyya a unguwa ya zo har gida, shi da mutum biyu. Ya zauna a kan bencin nan da muka ɗauki Yaya a kai, bai sani ba. Ya ce Onarabul, ɗan majalisarmu, bai manta da Isiyaka ba, yana so a yi masa addu'a babba, rumfa da kujeru da shinkafa, hotonsa a kan riguna. Sharaɗi ɗaya ne, a matso da ranar ta zo kafin zaɓe.

Anti Memuna, matar marigayi, ta ja ni gefe. "Ɗanlami, ka yarda mana. Shekara nawa ba wanda ya ambaci sunansa sai mu. Shi da kansa da ya yi murna."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Da ya yi murna. Da ya sa rigar da hotonsa. Amma ni ne na riƙe ƙafar bencin, kuma ranar jana'iza ban ga Onarabul ba, yana can ana shagalin cin zaɓe.

Na daɗe ina auna abin da ya rage na Yaya. Ba gida ya bari ba, motar ma ta mai ita ce. Ya bar 'ya'ya da ke cewa su 'yan Ghana ne ba tare da sun rage murya ba, wannan kuwa yatsansa ya saya musu, ban isa in raina ba. Ya bar suna mai tsabta a unguwa. Ƙuri'arsa ya ba da kyauta har ya mutu, hakkinsa ne. Sunan kuwa yanzu a hannuna yake.

Na koma na ce wa ciyaman, "Ranar da ya rasu ba ta matsawa. Bayan zaɓe take. A nan za mu yi, cikin lungu, a kan tabarma. Ka gaya wa Onarabul ya zo, ko ya ci ko ya faɗi. Sai dai ya bar motarsa a bakin titi, ya tako katakon."

Anti Memuna ba ta yi mini magana ba tun ranar. Allah ya jiƙan Yaya Isiyaka. Tabarma ɗaya zan ware wa baƙi, mu gani.