Taku Goma Sha Biyar Na Mzee Kondo

Duk wanda ya bi ta hanyar kasuwar kifi da hantsi zai ga wani dattijo zaune a bencin mai kofi, ƙafa ɗaya a miƙe, da tef ɗin awo mai ruwan ɗorawa maƙale a ƙugunsa. Mzee Kondo Shomari ke nan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba gine-gine a ƙaramar hukumar garinmu, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe tef ba. Sai da ya bar aiki ya je ya saya.

Da ƙafa yake awo. Yana saurayi aka ɗauke shi aiki, aka haɗa shi da wani tsohon sufeto mai zafin rai, wanda ya ja layi goma sha ɗaya da farin fenti a barandar ofis, mita ɗaya tsakanin kowane layi da na gabansa. Kullum da safe sai Kondo ya taka su, ya je ya dawo, tsohon na zaune da sanda yana kallo. Wata shida ana haka, har ya kasance ko idonsa a rufe dunduniyarsa a kan layi take sauka. Daga nan aka sa masa suna Mzee Mita, wato Dattijo Mita, tun ba shi da furfura ko ɗaya.

Kuma a faɗi gaskiya, mutumin kirki ne a aikinsa. Ba ya karɓar na goro. An sha gwada shi da kaza, da buhun shinkafa, har wani ya taɓa kai masa akuya gida, ya sa aka mayar da ita a bayan babur tana kuka gari na kallo. Aibinsa ɗaya ne, cika baki a kan ƙafafun nan nasa. Idan ya zo duba fili sai ya tsaya a tsakiyar hanya, ya gyara hula, ya jira mutane su taru. Sannan ya fara takawa yana ƙirgawa da ƙarfi, yara na amsa masa. Inda ya tsaya nan ake kafa fegi, nan gini zai fara, ya sa hannu a takardar izini ya wuce. Masu musu sun gwada shi da tef ba sau ɗaya ba, sun ji kunya, har aka daina gwadawa.

Shekara tara kafin ya yi ritaya wani ɗan acaɓa ya kwashe shi a kwanar masallacin Juma'a. Gwiwar dama ta tashi aiki, ya yi wata uku a kwance. Da ya miƙe ya koma bakin aiki yana ɗan jan ƙafar kaɗan, abin da sai mai lura zai gani. Matarsa, Bi Chausiku, ta lura.

"Baban yara, tafiyarka ta canza fa. Da ina gudu-gudu in na bi ka kasuwa, yanzu kafaɗa da kafaɗa muke zuwa."

"Ke ce kika ƙara sauri saboda son kasuwa," in ji shi. Aka yi dariya, maganar ta wuce.

A shekara ta uku bayan haɗarin ne Mama Zuberi ta nemi izinin gini. Bazawara ce mai soya vitumbua, wainar nan tamu ta shinkafa da kwakwa. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗan fili a bakin hanyar kasuwar kifi, da tulin bulo da ya buga da hannunsa, biyar yau, goma gobe, har ciwo ya kayar da shi. Da bulon nan take so ta yi ɗaki biyu, da wani ƙarami a gaba inda za ta riƙa suya tana sayarwa. Mutane da yawa a unguwar ginawa kawai suke yi, in hukuma ta zo a yi ta rigima. Ita kuwa ta ce ba za ta ɗora bulon marigayi a kan rigima ba. Ta yi ta sintiri a ofis har takarda ta fito.

Doka a wannan hanya ita ce a bar mita goma sha biyar daga tsakiyar titi. Ranar awo Mzee Kondo ya zo, ya gyara hula, ya taka goma sha biyar, ya dangwala ƙasa da tsinin takalmi. Maginin da ta ɗauka, Fundi Mponda, mutum ne mai shiru-shiru, ya matso yana sosa ƙeya.

"Mzee, a gafarce ni. Idona ne yake ganin kamar mun yi kusa da hanya. Ga tef a jakata, ko mu ɗan ja?"

Mzee Kondo ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Fundi, shekara nawa kana gini?"

"Goma sha biyu, Mzee."

"To ƙafar nan ta girmi sana'arka. Mayar da igiyarka jaka, ka kai wa tela ya auna maka wando."

Jama'a suka kwashe da dariya, har da masu wucewa a keke. Mama Zuberi ma ta harari maginin, ta ce, "Haba Fundi, Mzee Mita za ka koya wa awo? Kafa fegi inda ya ce." Ya kafa. A kan layin nan daidai aka haƙa harsashi, ba a ja baya ko da tafin hannu ba, don filin ƙarami ne kuma ta yarda da mai awon.

Shekara shida tana suya a ɗakin gaban nan. Mzee Kondo kansa ya zama mai sayen vitumbua a wurinta, duk safiya biyu, ta ƙara masa ɗaya.

Sai aka ce za a faɗaɗa hanyar a zuba kwalta. Aka turo injiniya daga Dar es Salaam, wata mace mai suna Lyimo, da na'urar awo mai ƙafa uku. Mace ce mai ladabi, kullum sai ta rusuna ta gaida Mzee Kondo da gaisuwar manya, "Shikamoo, Mzee," ya amsa "Marahaba." Sati biyu tana awo, sannan ta kawo masa jerin gidajen da suka shiga hanya, don shi ne zai shafa musu jan fenti, alamar za a rushe. Yawancinsu ya san su, masu gini ba izini ne da ya sha gargaɗi. Na bakwai a jerin ne ya sa ya cire tabarau ya goge.

"'Yata, wannan kuskure ne. Ni na auna gidan nan."

"Na ga sa hannunka, Mzee, shi ya sa na auna sau uku. Mita goma sha uku ne. Takarda ta ce goma sha biyar." Ta nuna masa takardar. "Abin da aka saba gani shi ne, bayan sufeto ya tafi sai a tsige fegi a matso da shi gaba. In haka ne, ita ta saɓa wa izininta, ba ta da diyya. Ɗakin gaba zai tafi."

Ya ce haka ne, ana yin haka. Amma ranar bai iya cin abincin rana ba. Ya san Mama Zuberi, ya kuma tuna da idonsa ya ga harsashin a kan layinsa.

Washegari Asabar, ba kowa a ofis. Ya je da sassafe ya tsaya a baranda. Layukan tsohon sufeto suna nan, sun koɗe, amma ana ganinsu. Rabon da ya taka su tun yana da baƙin gashi. Ya ɗora dunduniya a layin farko, ya ɗaga kai kamar yadda ya saba, ya taka goma. Da ya duba ƙasa, layin ƙarshe yana can gabansa da fiye da taku ɗaya. Ya koma ya sake. Ya sake na uku yana buɗe ƙafa da gangan, gwiwar ta soke shi har sai da ya dafa ginshiƙi. Nan ya zauna a dakali. Shekara tara! Sauran gidajen da ya auna a kan hanyar nan Allah ya rufa asiri, masu su sun bar fili a gaba don ajiye mota ko shuka ayaba. Ita kaɗai ce ta gina a kan maganarsa daidai.

To, a nan ne labarin ya yi muni, kuma ba zan gyara masa ba don shi ma ba ya gyarawa. Bai gaya wa kowa abin da ya gano ba. Wata huɗu ya rage masa ya yi ritaya, an ma fara maganar walimar da za a yi masa. Ya ce wa kansa ai ɗakin zai tafi ko ya yi magana ko bai yi ba. Ya ce wa kansa abubuwa da yawa a kwanakin nan.

Ranar Talata ya ɗauki gwangwanin fenti da buroshi ya bi gidajen. Da ya iso na bakwai tana kan suya. Ya zana ƙaton kuros a bangon, ya rubuta BOMOA a ƙarƙashi, wato a rushe, har fentin ya ɗiga masa a takalmi. Ya yi tsammanin ihu da zagi, kamar yadda aka yi masa a gida shida na baya. Sai ta fito tana goge hannu da zane, ido ya kumbura.

"Mzee, ka yafe mini. Na ba ka kunya. Kai ka auna mini tsakani da Allah, ban san lokacin da Fundi ya matsar da fegin ba. Na je har gidansa na faɗa masa Allah ya isa."

Ta naɗe vitumbua uku a takarda ta miƙa masa. Ya karɓa. Wallahi ya karɓa, kuma da ta tsaya tana kallonsa ya gutsuri ɗaya ya haɗiye.

Kafin sati ya zagayo maganar ta cika gari. Fundi Mponda mai matsar da fegi. Wani mai shago ya ƙwace aikin da ya ba shi, a wurin kofi in ya zauna sai a tashi. Ita kuma Mama Zuberi matan unguwa suka fara cewa dama son ciniki ne ya sa ta ci hanya. Mzee Kondo yana jin duk wannan. A gida ya daina magana, tuwon ugali ya huce a gabansa. Da Bi Chausiku ta matsa masa ya gaya mata. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Kuma da wannan bakin za ka ci shinkafar walima?"

Ana saura kwana biyu katafila ta zo, injiniya Lyimo ta tara masu gidajen a bakin hanya don ta yi musu bayanin ƙarshe. Mutane sun cika, har da Fundi Mponda can baya ya harɗe hannu. Tana cikin magana Mzee Kondo ya ɗaga hannu.

"'Yata, ara mini tef ɗinki. A shimfiɗa shi daga tsakiyar titi zuwa ƙofar Mama Zuberi."

Aka shimfiɗa. Ya je ya tsaya a tsakiyar hanya. Bai gyara hula ba. Ya fara takawa a gefen tef ɗin yana ƙirgawa da ƙarfi kamar da, sai dai wannan karon ba wanda ya amsa masa. A na goma sha biyar tsinin takalminsa, mai ɗigon jan fenti, ya taɓa dokin ƙofarta.

"Karanta musu, 'yata."

"Goma sha uku," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Kun gani. Ba wanda ya taɓa fegi. Fegi yana inda na ce a kafa. Fundi Mponda ya ce a ja tef, na mayar da shi abin dariya a gaban wasunku. Ƙafata ce ta gajarta tun haɗari, ni kuma ban duba ba. A rubuta haka, zan sa hannu."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Fundi Mponda ya juya ya tafi abinsa. Mama Zuberi ta matso kusa da shi, ta yi magana a hankali, amma na kusa sun ji.

"Mzee, ranar da ka zo da fenti, ka riga ka sani?"

Da zai iya cewa a'a, ba mai ƙaryata shi.

"Na sani."

"Ina ba ka haƙuri, ka sani?"

"Na sani."

"Kuma ka ci vitumbuata."

Ta shige gida ta rufe ƙofa.

An rushe ɗakin ranar Alhamis. Saboda takardar da ya sa wa hannu hukuma ta biya ta diyya, Fundi Mponda kuma shi ya gyara mata bangon da ya rage. Ta tsince bulon mijinta waɗanda ba su fashe ba, ta jera su a bayan gida. Walima kuwa Mzee Kondo da kansa ya ce a bari.

Yanzu a ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano take suya, daura da bencin mai kofi. Suna gaisawa, ta tambayi gwiwa, ya tambayi ciniki. Duk safiya yakan sayi vitumbua biyu, ta naɗe masa biyu.